Yoga Da Ciwon Ƙugu: Abin Da Mai Larura Zai Ɗauka Da Abin Da Zai Bari

Ƙasar Ungogo tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano, wanda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960, inda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an nome ta, an kai mata taki, an yi mata maimai. A ƙidayar da aka yi ta 2006 an sami mutum fiye da dubu 360 a wannan Ƙaramar Hukuma, daga Fanisau da Rangaza har zuwa Bachirawa da Rijiyar Zaki da gari ya riga ya cim musu. In aka duba aikin da mutanen nan su ke yi, za a ga kusan dukansa a sunkuye a ke yinsa. Manomi yana sunkuye bisa fartanya mai gajeriyar ƙota, mace tana sunkuye wajen shara da wanki da jan guga. Malamin makaranta kuwa, wanda sau da yawa shi ma manomi ne, yana duƙe bisa littattafan yara, akawu yana duƙe bisa tebur, sa'an nan su hau babur su bi hanya mai gargada zuwa gida. Saboda haka ciwon ƙugu ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ba mu kaɗai ba ne kuma, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a shekarar 2020.

A 'yan shekarun nan wani irin motsa jiki na mutanen Indiya, wanda a ke kira yoga, ya shigo mana ta wayar hannu. Samarin malamai da ma'aikata suna ganin hotunan masu lanƙwasa jiki, ana ce musu maganin ciwon baya ke nan, sai su shimfiɗa tabarma su kwaikwaya. A cikin abin akwai amfani, akwai kuma hatsari, musamman ga mutumin da faifan ƙashin bayansa ya tsage ya danne jijiya. Nufin wannan bayani shi ne a rarrabe tsakanin biyun.

Yadda ƙashin baya ya ke

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka jera, wani bisa wani, biyar daga ciki su ne na ƙugu, su ne kuma mafi girma don su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani abu da likitoci ke kira faifai, amma aikinsa ya fi kama da na gammo, gama shi ke hana ƙashi ya goga ɗan'uwansa, shi ke shanye jijjiga. Gefen gammon nan zobba ne masu tauri, wani cikin wani kamar ɓawon albasa. Tsakiyarsa kuwa taushi gare ta kamar ɗanyen ƙaro.

Sa'ad da mutum ya sunkuya, ƙasusuwan su kan matse gammon ta gaba, taushin nan na tsakiya ya koma baya. To, ta bayan ne jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafafu su ke fita. In sunkuyon ya yi yawa shekara da shekaru, ko kuwa aka ɗauki kaya mai nauyi a sunkuye ana murɗa jiki, zobban su kan tsage, taushin ya turo ya taɓa jijiya. Daga nan sai mutum ya ji ciwo kamar wuta yana bi ta ɗuwawu da bayan cinya har sha-raɓa da tafin ƙafa, wani lokaci da mutuwar ƙafa ko tsikari kamar na allura. Tari da atishawa da doguwar zama su kan ƙara shi. Kusan tara cikin goma na wannan larura a gammo biyu na can ƙasa ta ke faruwa. Likitoci biyu na birnin Boston ta Amurka, William Mixter da Joseph Barr, su ne suka tabbatar wa duniya a 1934 cewa tsagewar gammo ce ke kawo irin wannan ciwon ƙafa.

An ma auna nauyin da ke kan gammon. Alf Nachemson na ƙasar Suwidin ya fara wannan awo a shekarun 1960, wasu masana a Jamus suka maimaita a 1999 a jikin wani mutum mai lafiya. Suka tarar in yana kwance matsin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsayuwa ba. In ya sunkuya, ya ninka na tsayuwa sau biyu. In ya ɗauki kaya mai kilo 20 a sunkuye, bayansa a gantsare waje, ya ninka fiye da sau huɗu. Amma in ya rungumi kayan nan kusa da jikinsa, sai matsin ya ragu da rabi.

Akwai albishir a nan. Yawancin masu wannan larura su kan sami sauƙi cikin mako shida zuwa goma sha biyu ba tare da an yi musu aiki ba, domin jiki da kansa ya kan shanye abin da ya turo. Kada kuma hoton asibiti ya firgita kowa. A 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 a Amurka waɗanda ba su jin ciwon kome, aka tarar fiye da rabinsu gammonsu ya kumburo, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ma ya turo.

Asalin yoga da matsayinta

Yoga tsohuwar aba ce a Indiya, tana da tushe cikin addinan ƙasar. Amma irin wadda ta bazu a duniya yau, ta tsayuwa da kwanciya da lanƙwasa gaɓoɓi, ta bunƙasa ne a ƙarni na 20, musamman a hannun wani malami Krishnamacharya wanda ya koyar a fadar Mysore a shekarun 1930. Almajirinsa B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014, shi ya shahara da amfani da kujera da bargo da ɗamara da bango don a tallafi jikin marar lafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka fara bikinta a 2015.

Mai karatu zai so ya san matsayinta ga Musulmi. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana yoga mai haɗe da ambato da bauta irin ta Hindu. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe, ta haramta mai ibada a ciki, ta ƙyale wadda ta ke motsa jiki zalla. Abin da za a kawo a nan motsa gaɓoɓi ne da numfashi kurum, irin wanda likitocin gashi su ke koya wa majinyata a asibiti.

Game da amfaninta kuwa, an gwada. A 2011 an gwada ta kan mutum 313 a Ingila, a 2017 kuma kan mutum 320 a Boston, inda aka ga darasi ɗaya a mako har mako 12 ya yi amfani daidai da zuwa wurin likitan gashi. A shekarar 2017 ɗin ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da a ke fara gwadawa kafin magani ga mai tsohon ciwon baya. Amma fa a lura da abu biyu. Sauƙin da aka samu matsakaici ne. Kuma waɗanda aka gwada masu ciwon baya ne na yau da kullum, a hannun malamai da suka sassauta musu darasin. Wanda jijiyarsa ke danne, ya kwaikwayi hoton waya shi kaɗai a ɗaki, ba ya cikin lissafin nan.

Kafin a fara

Ba kowane ciwon baya ne na gammo ba, saboda haka likita ne zai fara dubawa. Akwai alamun da in an gan su babu maganar motsa jiki, sai asibiti a ranar: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, tsakanin cinyoyi da wurin zama su mutu, ƙafafu biyu su yi rauni, ko ƙafa ɗaya ta riƙa jan ƙasa, takalmi yana zamewa. Wannan alama ce jijiyoyi sun matsu ƙwarai, jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin mutum da naƙasa har ƙarshen ransa. Haka kuma ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko ƙusumbi da ya fara fitowa, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi, cutar kuwa tana nan a ƙasarmu, tana kuma da magani. Wanda ya faɗo daga itace ko babur, da mai amosanin jini, da tsoho mai gautsin ƙashi, da mace mai ciki, duk sai da izinin likita. Mutanen Ungogo sun yi sa'a, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ba shi da nisa da su, ga kuma sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala.

In ciwon sabo ne yana da zafi, a huta kwana ɗaya ko biyu, kada a wuce haka. Doguwar kwanciya tana raunana naman baya. A riƙa ɗan tattaki a tsakar gida gwargwadon iko.

Ƙafa ce shaida

Ga ƙa'ida guda wadda ta fi dukan sauran, wadda wani likitan gashi na ƙasar Niyu Zilan, Robin McKenzie, ya bayyana ta. In mutum ya yi wani motsi ya ji ciwon yana janyewa daga ƙafa, yana hawa zuwa cinya, daga cinya zuwa tsakiyar ƙugu, to motsin nan ya karɓe shi, ko da ƙugun ya ɗan ƙara tsami. In kuwa ya ji ciwon yana sauka, daga ɗuwawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, ko ƙafar ta fara mutuwa, to ya tsaya nan take. Jiki magayi ne. Jan nama kaɗan ba laifi, amma zafi mai tsartuwa kamar an taɓa wutar lantarki gargaɗi ne, cije haƙori a kansa kuwa ba jaruntaka ba ce.

Abubuwan da za a bari

Na farko, zama a miƙe ƙafafu a sunkuya a kamo yatsu, da tsayuwa a sunkuya a taɓa ƙasa gwiwa a miƙe. Waɗannan su ne aka fi nunawa a hotuna, su ne kuma mafi cutarwa ga mai tsagaggen gammo, gama suna tura taushin baya, suna kuma jan jijiyar da ta riga ta kumbura. Na biyu, kwanciya rigingine a wurga ƙafafu bayan kai, abin da Indiyawa ke kira garma, da tsayuwa bisa kai ko kafaɗu. Na uku, zama a murɗa gangar jiki da ƙarfi, ana ja da hannu. Na huɗu, kwanciya a ɗaga ƙafafu biyu a miƙe, ko a riƙa tashi zaune daga kwance don ƙarfafa ciki. Na biyar, jerin motsin nan da a ke kira gaisuwar rana, wanda ban da maganar asalinsa, sunkuyo ne a kai a kai cikin sauri.

Kada kuma a yarda wani ya danna bayan mai larura don ya ƙara lanƙwasa, ko a sa yaro ya tattaka masa baya kamar yadda a ke yi wa mai gajiya. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Abubuwan da za a yi

Mutumin da ya wuni a sunkuye ba ya bukatar ƙarin sunkuyo. Abin da ya ke bukata daga yoga shi ne hutun gammo, da miƙewa, da ƙarfin naman da ke riƙe da ƙugu. Ga guda shida, a bi su bi da bi, kada a wuce zuwa na gaba sai na baya ya zauna lafiya kwana biyu ko uku.

Na ɗaya, a kwanta rigingine a ɗora sha-raɓa bisa kujera, gwiwa da kwankwaso a lanƙwashe. A ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, a sake shi a hankali, na minti biyar. Wannan ya kan kwantar da naman da ya ɗaure.

Na biyu, a kwanta rub da ciki, a saki jiki minti biyu ko uku. In da wuya, a sa matashi ƙarƙashin ciki. In ƙafa ba ta yi ƙorafi ba, a ɗago ƙirji a dogara bisa gwiwar hannu. Bayan 'yan kwanaki a kafa tafin hannu a ɗago ƙirji sama, kwankwaso yana ƙasa, a koma, har sau goma. Indiyawa suna kiran wannan da sunan gamsheƙa. Amma tsohon da ciwonsa ke tashi in ya tsaya ko ya yi tafiya, ya lafa in ya zauna ko ya duƙa, larurarsa dabam ce, wannan motsi yana iya ƙara masa.

Na uku, a yi rarrafe, hannu ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa ƙarƙashin kwankwaso. A miƙar da ƙafa ɗaya baya, a ƙidaya biyar, a sauya. In an saba, a haɗa da miƙa hannun ɗaya gefen. Baya ya tsaya a shimfiɗe kamar an ɗora masa ƙwaryar nono ba a so ta zube.

Na huɗu, a kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. A matse ɗuwawu a ɗaga kwankwaso har cinya da ciki su daidaita kamar kadarko, a ƙidaya biyar, a sauka, sau takwas ko goma.

Na biyar, a tsaya gaban bango, a dafa shi da hannu biyu daidai ƙirji, a ja da baya taki ɗaya ko biyu, a tura kwankwaso baya, gwiwa a ɗan sake, baya a miƙe. Wannan shi ne madadin sunkuyon da aka hana, shi ne kuma ke koya wa jiki ya lanƙwasa daga kwankwaso.

Na shida, sai bayan ciwon ƙafa ya lafa. A kwanta rigingine, a rataya rawani ko ɗankwali a tafin ƙafa ɗaya, a ɗaga ta gwiwa a ɗan lanƙwashe, ɗayar ƙafar tana kafe a ƙasa. Da an ji jan nama a bayan cinya a tsaya, kada a kai ga tsikari.

Lokaci da wuri

Da dare gammo ya kan sha ruwa ya cika, shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da santimita ɗaya ko biyu. Cikakken gammo kuwa ya fi saurin cutuwa in an sunkuya. Saboda haka kada a yi motsin nan da farkawa, a bari sai hantsi ko bayan la'asar. Haka ɗaukar buhu da jan guga, in da hali a jinkirta su sa'a guda bayan tashi. A yi bisa tabarma da bargo a daɓe, ban da katifa mai lotsawa. Minti goma sha biyar kullum ya fi sa'a biyu ranar Lahadi kaɗai. Wajen tashi a juya gefe, a dogara da hannu. Kada kuma a sha ƙwayar kashe zafi don a iya motsin, domin ta kan rufe bakin shaidar da a ke saurare. Masu shan tramadol don su jure noma ko dako suna ƙara yage gammonsu ba su ji ba, yawan shan ƙwayoyin kemis kuma yana ɓata ciki da ƙoda.

Salla da gona da ofis

Ruku'u yadda malamai suka koyar, baya a shimfiɗe, hannuwa bisa gwiwa, shi ne kuma ya fi sauƙi ga gammo, gama lanƙwasar daga kwankwaso ta ke, hannuwa suna ɗauke nauyi. Wanda ciwo ya tsananta masa, shari'a ta yi masa rangwame ya yi salla a zaune, in ya kasa ya yi a kwance, sai ya tambayi malaminsa yadda zai yi.

Manomi in ya kai ƙarshen kunya ya miƙe, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya ɗan gantsara baya sau uku kafin ya kama wata. In zai ɗauki buhu ya durƙusa, ya jawo shi jikinsa, ya tashi da ƙarfin cinya, in zai juya ya juya da ƙafa. Mata su sa wa tsintsiya doguwar ƙota, su ɗora bahon wanki bisa turmi ko benci. Akawu da malami su naɗe tawul su sa tsakanin ƙugu da jinginar kujera, su tashi tsaye kowane rabin sa'a, su fitar da walat daga aljihun baya.

Kira ga malamai

A ƙauye malamin makaranta shi a ke kawo wa takardar asibiti ya karanta, shi a ke tambaya ko abin da aka gani a waya gaskiya ne. Saboda haka nauyi yana kansa. In maƙwabci ya zo da ciwon da ke sauka ƙafa, ya fara tambayarsa labarin fitsari da ƙarfin ƙafa da zazzaɓi, in da alama ya gaggauta shi asibiti, kada a ɓata mako uku wurin ƙaho da sakiya. In likita ya ba da izinin motsa jiki, ya koya masa ƙa'idar ƙafa kafin kome. In an yi mako shida ana bin wannan hanya ba sauƙi, a koma wurin likita. Masu koyar da wasan motsa jiki a makarantu da kwalejojin horon malamai su kuma, ya kamata su sa darasin ɗaukar kaya da zaman kujera cikin aikinsu, domin yaron da ya koyi durƙusawa kafin ya ɗauki jarka yana da shekara goma, ya tsare wa kansa wahala yana da arba'in. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita, amin.